Dajin da Aka Rubuta Sau Biyu

Kwana biyu Doña Herminia Rentería ta yi a kwalekwale kafin ta iso birnin Quibdó, hankalinta a tashe. Ita ce shugabar ƙauyensu, kuma ta ji labarin wani kamfani yana sayar da takardun kabon, wato shaidar gurɓatacciyar iskar da bishiyoyi ke shanyewa, da sunan dajin da suka shekara goma suna gadi.

A ofishin rajistar filaye wata ma'aikaciya, Nubia, ta buɗe taswira a kwamfuta. Ta ce a tsohon kundi an rubuta dajin sau biyu, ɗaya da sunan ƙauyen su Herminia, ɗaya da sunan kamfanin, ba wanda ya lura. Da aka koma sabon tsari sai abin ya fito fili, aka yi bincike, aka soke rajistar kamfanin.

"To yanzu sunan wa ke kai, 'yata?"

"Na ƙauyenku kaɗai, Mama. Matso ki gani."

Herminia ta sa tabarau, ta bi haruffan da yatsa, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Buga min a takarda. Tsofaffinmu ba sa yarda da abin da ba su riƙe a hannu ba."

Nubia ta yi dariya, ta buga mata har uku.