Filin Jirgin da Ya Yi Mana Rakiya

Wani mafarki na yi jiya, a zaune kuma da rana tsaka. Ga ni a filin jirgin sama na Legas, zan tafi Yola jana'izar Inna Dudu, gwaggona da ta raine ni. Yayana Hammadu ya ce ana sallame la'asar za a kai ta, ba za su jira kowa ba.

Mai sayar da tikiti kunkuru ne da tabarau. Na tambaye shi nisan tafiyar, ya ce da can ba ta kai awa biyu ba, amma yanzu ya danganta da kunyar direba. Direban kuwa jimina ce, tsuntsuwar da ko katanga ba ta taɓa tsallakewa ba, an ɗora mata hula tana hura hanci.

Muka tashi. Can na leƙa taga in ga inda muka kai, sai ga filin jirgin a ƙarƙashinmu yana biye da mu, da hasumiyarsa da masu tasi da mai gasa masara. Ma'aikaciyar jirgin ta ce rakiya yake mana, don ba a sallamar baƙo daga bakin ƙofa. Fasinjoji suka yi ta sa masa albarka, wai ga filin da ya samu tarbiyya. Ni kuwa takaici kamar ya kashe ni.

Da muka kai Kogin Kwara filin ya tsaya, ya ce a gaida gida. Na ce alhamdulillahi. Sai jimina ta juya kan jirgi, wai rashin kunya ne a bar babba ya koma shi kaɗai. Muka raka shi har Legas. Shi kuma ya ga mun yi ɗawainiya, ya sake tako mana.

A zuwa na uku na je na buga ƙofar direba.

"Hajiya, gawa ce ke jirana."

"Allah ya jiƙan rai," in ji ta. "Ai shi ya sa ba ma gaggawa. Wanda ya rasu ba inda za shi."

Wani Alhaji mai ƙaton rawani ya ja rigata, ya ce 'yan zamani ba mu da haƙuri, shi tun aurensa na fari yake cikin jirgin nan kuma bai taɓa ƙorafi ba. Nan ya fara nuna mini jikokinsa a kujerun baya.

Ta taga na hango Yola can nesa, ƙanƙanuwa kamar faifai, mutane sun daidaita sahu. Na yi ta ƙwala wa Hammadu kira, muryata ba ta fita.

Ƙarar tayar akwatin wani ce ta farkar da ni. Ina kan bencin ɗakin jira, lasifika tana sake ba mu haƙuri, jirginmu ko isowa bai yi ba. A masallacin waje liman ya riga ya yi sallamar la'asar.