Sadaka a Birnin Baba

Ƙararrawa ce, amma ba irin wadda Mai Agogo ya sani ba. Shi da ya tsufa yana buɗe cikin agogunan mutane, babu ƙarar da ke ruɗa shi sai wannan: mai kauri, daga nesa, kamar an buga ta a ƙarƙashin ruwa. Bayanta sai shewar mutane, 'yar siririya, kamar taron jama'a a cikin gwangwani. Daga ɗakin Auta take fitowa, Auta kuwa tun makon jiya aka kai shi makwancinsa.

Matarsa ta riƙe masa hannun riga. "Malam, kada ka shiga."

"In ban shiga ba, wa zai shiga? Ke?"

Ya tura ƙofa. Ɗakin yana nan yadda ɗansu ya bar shi: katifa a ƙasa, kwalaben magani a bakin taga, rigar aikinsa ta kanti rataye a ƙusa. A kan tebur kwamfutarsa na haske. Ashe da yamma uwar ta ɗaga murfinta don ta goge ƙura, ba ta san ta tashe ta daga barci ba.

A cikin allon akwai gari guda, irin na zamanin da. Ga ganuwa, ga kogi, ga rumbuna a jere. Mutane na kai da komowa a lunguna, kowannensu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wani na tura amalanke, wata na ɗauke da tulu. Mai Agogo ya zauna a kujerar ɗansa, bai tashi ba sai da aka kira asuba.

Da rana babbar 'yarsa ta zo daga asibitin da take aikin jinya. Uwata yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ita ta gaya masa wasa ne, kuma Auta ya gina garin ne tun daga bukka ɗaya, a watannin da ciwon ƙoda ya hana shi fita. Ta karanta masa rubutun da ke sama: Birnin Baba. Tsohon ya kau da kai, ya daɗe yana kallon bango.

"Nan yawan mutane ne, nan baitulmali, wannan sandar da ake ja sama da ƙasa kuma ta haraji ce. Ƙararrawar da kuka ji, duk shekarar garin ta cika ake buga ta. Ka ga nan? In ka danna, komai zai tsaya cak. Ka tsayar da shi, Baba. Auta da kafiya ya zaɓi irin wasan da ba a komawa baya. Abin da ya lalace ya lalace."

"In na tsayar, su kuma fa?"

"Su wa?"

"Mutanen."

"Baba, zane ne fa."

"Zanen da ke ɗiban ruwa?"

Duk rayuwarsa abin da ya tsaya ake kawo masa ya tayar. Hannunsa ya ƙi zuwa wajen maɓallin nan.

Daga ranar, kullum ya rufe rumfarsa sai ɗakin Auta. Ya koyi jan linzamin kwamfutar da yatsun da suka saba da ƙananan kusoshi. Ya fara gane mutanen garin. Akwai mai tulun nan, wadda tafiyarta ke ɗan karkacewa, ya sa mata Gurguwa. Akwai wani a saman hasumiya, shi ke jan igiyar ƙararrawa, Mai Agogo yana ganinsa kamar abokin sana'a. Wani lokaci har sallama yake yi musu kafin ya rufe murfin.

Tela, wanda shagonsa ke jingine da bangon ɗakin, ya tare shi wata safiya. "Mai Agogo, wannan sabon agogon naka ya fi duk tarkacen da ke rumfarka. Da na ji shi nake naɗe aiki."

"Tarkacen nawa sun fi wandon da ka ɗinka mini, ƙafa ɗaya tana gaishe da gwiwa, ɗaya tana sharar titi."

"Ƙafafunka ne ba su yi shawara da juna ba, tsoho."

Mai Agogo ya yi dariya, rabonsa da ita tun kafin a kwantar da Auta.

Sai wani maraice ya lura da wani mai jar hula yana bin gidaje yana ƙwanƙwasa ƙofa. Duk gidan da ya bari, wata 'yar fuska mai ɓacin rai ta bayyana a saman rufin. Mai karɓar haraji ne. Ya ga ya tsaya a ƙofar Gurguwa. Dama akwai abin da ke cinsa a rai. Jinya ta cinye komai na gidan, ko abinci bai iya dafawa ya raba wa mabukata ba don lada ya kai ga ɗansa. Ga shi nan kuwa rumbuna cike, baitulmali cike, duk dukiyar Auta ce, guminsa ne.

Ya kira matarsa ta zama shaida. Ya ja sandar haraji har ƙasa, ya buɗe rumbuna kowa ya ɗiba kyauta.

"Sadaka ce. Allah ya kai ladan kabarinsa."

"Amin," in ji ta, tana share ido da bakin mayafi. "Ko zane ne, ai niyya ake dubawa."

Garin ya ɗauki murna. Fuskokin saman rufi duk suka koma murmushi. Mai jar hula ya ɓace. Baƙi suka yi ta kwararowa ta kowace ƙofar ganuwa da ƙunshin kayansu, shewar da ta biyo bayan ƙararrawa har sai da tela ya buga bango yana dariya.

Ba a daɗe ba bukkoki suka cika bayan ganuwa, suka gangara har bakin kogi. Rumbuna suka soma nuna gindi. Lambar baitulmali ta yi ta raguwa, ta koma ja. Da Uwata ta zo ta gani, sai ta dafe ƙirji.

"Baba, me ka taɓa? Mayar da harajin nan yanzu!"

"In karɓe sadakar da na bayar? Da wane ido zan dubi Auta?"

"Da harajin ake biyan masu yashe rijiya da masu kashe gobara da masu magani. Ka zaci mugunta Auta yake yi musu? Shi ya san abin da ya sa ya ajiye sandar a tsakiya."

"Allah ba zai bar su ba."

"Baba, a cikin akwatin nan lissafi ne kawai."

Ya ce ta fita masa daga ɗaki. Bai taɓa gaya mata haka ba.

Masu yashe rijiya ne suka fara tafiya. Sai wani koren hayaƙi ya tashi daga bukkokin bakin kogi, ya haura ganuwa, yana bi gida gida. Amalanken da ke kai hatsi kasuwa suka koma ɗaukar gawa. Mai Agogo ya san warin da hayaƙin nan zai yi, ya shaƙe shi a ɗakin jinya. Ganin haka ya karaya. Ya ja sandar haraji, ba tsakiya ba, har can sama, don ya cike gurbin da sauri. Mai jar hula ya dawo yana ƙwanƙwasa ƙofofin mayunwata. Suka fito da wuta a hannu. Kasuwa ta kama, rumbuna suka kama, babu mai kashewa.

Yana kallo mutumin hasumiya ya sauko, ya bi sahun masu barin gari. Shekara ta cika, igiya na reto, ba a ji komai ba.

Gurguwa ce ta rage. Ta zagaya rijiyar da ta ƙafe, ta koma gida, ta sake fitowa da tulunta a ka, ta nufi ƙofar ganuwa da 'yar karkatacciyar tafiyarta.

"Tsaya, baiwar Allah," in ji shi. "Tsaya mu yi magana."

Ya ɗora yatsa a kan allon, daidai bakin ƙofar, ya danne da ƙarfi. Ta shige ƙarƙashin yatsan, ta ɓullo ta ɗaya gefen, ta yi ta tafiya har ta fice daga allon. Sunan garin yana nan a sama, ba abin da ya same shi.

Da safe yana zaune a ƙofar gida, bai buɗe rumfa ba. Matarsa na shara, Uwata ta kawo masa shayi ta ajiye, ya huce bai taɓa ba. Sai ga tela da tef a wuya, yana murmushi tun daga nesa. Ya gaishe su, suka amsa a ciki-ciki, tsintsiya ta tsaya.

"Wai Mai Agogo, jiya na yi ta jiran ƙararrawar nan har na manta ban ci abinci ba. Me ya same ta ne?"