Akwatin Baba Hamma

Zakari shi ne mai kaɗa jitar bas, mai kaurin sauti, a ƙungiyar kiɗan samariya, wato ƙungiyar matasan Tanut. A shekarar 1983 suka je gasa a Damagaram, suka zo na ƙarshe. Tun a mota ya fara cewa laifin ampili ne, wato akwatin da ke ƙara wa jitarsa sauti. Da suka iso gida ya ci gaba da faɗa, a majalisa, a bakin kasuwa, a wurin masu shayi. Ya ce ba mai cin gasa da tarkacen da tsoho ya ɗaure da waya.

Tsohon da yake nufi Baba Hamma ne, mai gyaran rediyo a bayan rumfunan masu gero, aminin mahaifinsa tun suna yara. Shi ya tsinto akwatin a matacce, ya sake masa fitilun ciki, ya liƙe takardar lasifikarsa da ta yage. Maɓallai uku kawai gare shi, sai mutum biyu ke ɗaga shi, kuma sai ya yi ɗumi kafin ya yi magana. Maganar Zakari ta kai kunnen Hamma, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan girbi, Tanko direba ya zo da wani sabo daga Kano. Baƙi ne wul, maɓallai tara, da jar fitila, da hannun ɗauka a sama. Zakari ya shafa shi ya ce ko cikin barci zai bambance wannan da wancan. Mushe Musa (haka ake kiran malaman boko a can), malamin makaranta da ke shugabantar ƙungiyar, ya ce to a gwada kafin a yanke shawarar saye. Ya aika a kira Hamma, don shi ya san yadda ake haɗa wayoyi.

Ranar Asabar da hantsi aka tada injin wuta a gidan samariya. Aka jera akwatunan biyu, aka rataya tabarma a gabansu, Hamma ya shiga baya da wayar jita. Mutane sun kai ashirin a tsakar gidan.

Zakari ya kaɗa na farko. Sauti ya fito tsaf, siriri, ana jin kowane motsin yatsa a kan tsirkiya. Ya yamutsa fuska ya ce wannan gwangwani ne, ba shi da ciki, irin abin da ya kunyata su ke nan. Aka sauya waya. Na biyu ya fito da kauri, a hankali, har mutum na jinsa a ƙirji, kwanon shan ruwa da ke kan randa ya kama rawa. Zakari ya lumshe ido ya daɗe yana kaɗawa.

"Wannan shi ne bas," in ji shi. "Da da shi muka je Damagaram, da ba haka ba."

Mushe Musa ya ɗage tabarma. Wayar tana jikin tsohon akwati.

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Zakari ya rasa inda zai sa ido sai kan yatsun ƙafarsa. Ya jira tsohon ya rama.

Hamma ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya gaya wa Mushe Musa cewa sabon ma ba shi da laifi. Ba ya jiran ɗumi, mutum ɗaya na ɗaukarsa, kuma hanyar garin Ollelewa ba za ta fasa masa komai ba, alhali tsohon akwatin kuwa, kowane rami sai fitilarsa ta girgiza. In aka rage maɓalli na huɗu zai ɗan yi ciki. Ya nuna wa Zakari maɓallin da yatsa, ya yi sallama ya koma rumfarsa.

Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Kwana goma sha biyu Zakari yana zagayawa ta wajen mahauta don kada ya bi ta gaban rumfar. Ya daina zama majalisa. A gida matarsa Kadi ta tambaye shi ko ba shi da lafiya, ya ce gajiya ce.

A rana ta goma sha uku ya je. Ya tarar da Hamma ya sunkuya kan wata rediyo. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, aka gama tambayar gida da iyali, sannan ya ce:

"Baba, a Damagaram ba akwati ba ne. Da na ga jama'a sai na ruɗe, na ɓata kiɗan tun waƙa ta biyu."

"Na sani," in ji Hamma, bai ɗago ba. "Musa ya gaya mini tun ranar da kuka dawo."

Ya matsa masa a kan benci, ya ce ya zauna rana ta yi zafi. Zakari ya zauna a gefe-gefe. Har aka kira azahar bai iya duban fuskar tsohon ba, suka tashi tare suka nufi masallaci, Zakari yana baya.