Fuskar Baba Osumanu

Fauziya na tsaye a bayan kujerar Dokta Mutala lokacin da mahaifinta ya zaro bindiga a cikin kwamfuta.

Fuskarsa ce sak. Ga tsagen kumatun, ga furfurar gemun, har da yadda yake kanne ido ɗaya in zai zura zare a allura. Sai dai an raba shi da keken ɗinkinsa, an tsayar da shi a bakin babbar kwatar Nima, ya zama uban 'yan daba.

"Dokta, ba haka muka gina shi ba," ta ce.

Tana shekarar ƙarshe a sabon sashen wasannin bidiyo na jami'arsu. Ita da abokan karatunta, Razak da Lamisi, sun ƙirƙiri wasa a kan unguwarsu: mai wasa zai ratsa lungunan Nima da gudu ya kai wa mutane ɗinkin Sallah kafin a tafi Idi. Da hannunta ta ɗauki hoton mahaifinta ta kowane ɓangare, a shagonsa na unguwar Maamobi, don ya zama telan cikin wasan. Sai wani kamfani daga Legas, mai zuba jari a irin wannan harka, ya saye aikin. Ma'aikatansa suka ce babu wanda zai sayi wasan kai ɗinki, suka juya shi yadda suke so. Yau da la'asar za a nuna shi a zauren jami'a.

Dokta Mutala, shugaban sashen, ya cire tabarau ya murza ido. "Duk ajinku naku kaɗai suka ɗauka. In kin tada rigima, za su kwashe kwamfutocin nan da suka ba mu, aikin da suka yi wa abokanki alkawari ya bi ruwa. Sashen ma ban san ko zai kai baɗi ba."

"To a canza fuskar."

"Fuskar ce ta burge su. Tana can a allon talla a bakin ƙofa."

Razak, da ke tsaye a gefe tare da Lamisi, ya sunkuyar da kai. Lamisi ta taɓa kafaɗarta. "Haba Fauziya, wasa ne fa kawai. Tsofaffin Zango ba sa buga gem."

"Jikokinsu na bugawa," in ji Fauziya.

Ta hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Maamobi da niyyar faɗa masa gaskiya. Ta tarar ya riga ya rufe shago, ya sha farar babbar rigar da ya ɗinka wa kansa don wannan rana. Maƙwabta sun kewaye shi, har ladanin masallacinsu yana sa albarka.

"Ga ta nan!" Baba Osumanu ya ɗaga hannu. "Ku da kuka ce na tura 'yata jami'a koyon wasan yara, yau har Legas za a gan ni ina ɗinki."

Shi kaɗai ya tsaya mata lokacin da dangi suka so ta karanci aikin jinya.

"Baba, akwai magana."

"Faɗa mini a mota, uwata. Kar mu bar manya suna jira."

A motar ma babu hali. An matse su a kujerar baya, zafi kamar tanda, hanya ta cushe. Baba ya ba matar da ke gefensa labarin wasan tun daga farko, sannan ya juyo.

"Kekena ya fito sosai kuwa? Wannan keken shi ya ciyar da ku duka."

Ta kawar da kai ta dubi taga. Wayarta na ta ruri a jaka, Dokta ne.

Daga nesa ta hango ƙofar jami'a, da allon tallar, fuskar mahaifinta ta cika shi, bindiga a kafaɗa. Baba ya sunkuya yana goge takalminsa da hankici. Kwandasta ya buga jikin mota ya kira sunan tashar, ɗalibai suka sauka. Fauziya ba ta motsa ba. Motar ta ja.

Baba ya ɗago, ya waiga. "Ba nan ba ne?"

"Sai gaba, Baba."

Ya gyara zaman hularsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa don kada rigar ta yamutse. Kwandasta ya juyo ya tambaye ta inda za su sauka. Ta dubi hanyar da ta miƙe a gabansu, ta ce masa ya dakata tukuna.