Bambar da Ya Fanna Ta Ɗinke

Rahima na durƙushe gaban motarta tana bin tsagar da ɗan yatsa, ragon kuma na gindin darbejiya yana tuƙa kamar ba shi ya yi ɓarnar ba. Ragon sunan jaririn ƙanwarta Hassana ne, wanda za a yi gobe a Nguru. Da safe Rahima ta wanke jar motar, ta goge ta har tana ɗaukar ido. Ragon ya tsinke igiya, ya hango kansa a jikin bamba, ya zaci wani rago ne, ya ja da baya ya kai masa karo. Bambar ta tsage daga ƙasan fitila har kusa da lamba.

Wata uku ke nan da sayen motar, bayan shekara tara tana koyarwa a wata firamare a Gashua, amma mahaifiyarta Ya Fanna ba ta taɓa shiga ba. Sai da Hassana ta haihu sannan ta yarda, da kyar, Rahima ta kai ta suna. In tsohuwar ta ga wannan tsaga, cewa za ta yi karo aka yi a titi, ta nufi tasha.

Mai gyaran bodi ya ce sai jibi. Sai Rahima ta leƙa gidan maƙwabcinsu Baba Modu, masuncin da ke liƙe kwalekwalensa da kansa. Ya biyo ta da buhun kayan aiki, ya ƙwanƙwasa bambar da bayan yatsa.

"Faiba ce, irin ta kwalekwalena. Kin yi sa'a, 'yata. Da roba ce, da na koma gida."

Suka kwance ta, suka kife a kan turmi biyu. Rahima ta ɗaure gyale a hanci, ta dinga goge cikin da samfefa har farin gari ya rufe mata hannu. Amma bakin tsagar ya ƙi haɗuwa. Baba Modu ya danna nan, can ya buɗe. Da ya ƙara ƙarfi, sai ta ƙara tsagewa da kusan ɗan yatsa guda.

A nan Ya Fanna ta yi sallama, riƙe da ƙullin turaren wuta da ta sayo wa mai jego. Ta tsaya cak.

"Me zan gani haka?"

"Ya, wallahi ba ni ba ce, rago ne," in ji Rahima.

Tsohuwar ta je gindin darbejiya, ta kama ƙahon ragon ta juya shi. Ga jan fenti nan ɓaro-ɓaro. Ta fashe da dariya har sai da ta dafa bishiyar.

"To ai gobe war haka an gama shari'arsa!" Ta share hawaye, ta matso ta dubi aikin. "Modu, ka tsufa a ruwa ba ka taɓa ganin gyartai ba? Ba a liƙe tsaga sai an tare mata hanya. Ubana shekara talatin yana ɗinkin ƙwarya a kasuwar Jakusko, ni ke miƙa masa zare. Ba ni abin hudar nan."

Ta gyara ɗaurin zane ta zauna. Ta huda rami ɗaya daidai inda tsagar ta tsaya, sannan ta bi gefe da gefe da ƙananan ramuka, ta ɗinke da siririyar waya tana ja a hankali. Bakin ya haɗu tsaf.

"Kai, Ya Fanna!" Baba Modu ya riƙe haɓa. "Kwalekwalena ma yana nemanki."

Ya yanka ƙyallen faiba gida uku, ya zuba ruwanta mai kaurin zuma a gwangwani, ya ɗiga maganin da ke sa ta daskare.

"Yi maza, Malama, ba ya jira."

Rahima ta shimfiɗa ƙyallen a kan ɗinkin, tana danna shi da burushi har ya jiƙe, ta ƙara wani, ta ƙara wani. Warin ya cika gidan. Ranar Gashua ta yi sauran aikin: kafin la'asar wurin ya yi tauri kamar ƙashi. Suka mayar da bambar. Fenti ne babu, sai shuɗin kwalekwale, don haka ɗinkin wayar ya zauna a fili. Ragon kuwa aka ɗora shi a kan a-kori-kura ya yi gaba.

Washegari da sassafe Ya Fanna ta shiga gaba, ta yi bismillah sau uku. Duk ramin da suka faɗa sai ta kasa kunne ga bambar, ta ce, "Ba ta motsa ba." Bayan Jajimaji har ta ce Rahima ta ɗan ƙara wuta kada a raɗa suna ba su.

A ƙofar gidan suna, Taufiq mijin Hassana ya tarye su. Ya dubi gaban motar, ya ce cikin ladabi, "Ya, in na je Kano zan sa a kawo wa Anti sabuwar bamba."

"Ka bar ta yadda take," in ji Ya Fanna.

Daga cikin gida Hassana na kira a zo a ga jariri.

"Ina zuwa, ai ba tashi zai yi ba!" Ya Fanna ta kamo hannun uwar Taufiq, ta jawo ta gaban motar. "Hajiya, durƙusa ki gani. Sa hannu ki ja. Ja da ƙarfi."