Kara, Tara, Fara, Gara, Bara

Tun da gubar dalma ta kwantar da Safara'u a ƙauyen Dareta, mahaifiyarta Hure ba ta sake samun natsuwa ba. Yarinyar ta sha magani ta tashi, har ta kai shekara bakwai, amma in an aike ta sayen abu uku sai ta dawo da biyu. Hure ta sa a ranta cewa dalma ta cinye wa ɗiyarta ƙwaƙwalwa.

Ran wata Talata ta kai ta asibiti a Anka, wajen wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Naja'atu.

"Zan faɗi kalmomi biyar, ki maimaita su a jere," in ji Naja'atu. "Kara, tara, fara, gara, bara."

Safara'u ta ce, "Kara, fara... bara..." Hure ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

Naja'atu ta dubi Hure. "Innar Safara'u, ke gwada mana."

Hure ta gyara zama. "Kara, gara, tara... A'a. Mi kika ce na ukun, Malama?"

Naja'atu ta yi dariya. "Ni kaina sai na duba takarda. Kalmomin da suka yi kama a kunne haka suke cakuɗewa a kan kowa. Dogaye kuma, kafin ki kai ta ƙarshe ta farkon ta gudu." Ta jero musu almakashi, tattabara, makaranta, kwalekwale, gwangwani. Uwa da ɗiya kowacce uku ta kamo.

Sannan ta juya ga yarinyar, ta faɗi a hankali: "Ido, ruwa, zaki, gero, wuta, nono."

Safara'u ta mayar da su duka shida, ba ta sauya wa ko ɗaya wuri ba. Aka canza wasu shidan, ta sake kawo su daidai.

Hure ta riƙe baki. "Ikon Allah! Ashe har kalma tana da nauyinta? Wata kai ya ɗauka, wata ta zame?"

"Haka Allah ya yi mu," in ji Naja'atu. "Ban ce dalma ba ta taɓa ta ba, sai mun ci gaba da dubawa. Amma in za ki aike ta, ki gajarta magana, ki bar ta ta maimaita kafin ta fita."

A kan babur, hanyar komawa gida, Hure ta riƙa jin yarinyar tana motsa baki a bayanta. Ta karkata kunne. Safara'u tana ƙirƙiro nata jerin ne, tana haɗa duk abin da suka wuce: dutse, jaki, rafi, dawa.