Albasar Malam Alamin

Tun da yaƙi ya koro Ramla daga jami'a zuwa ƙauyensu kusa da Abu Na'ama, aikinta ɗaya ne: lissafin ko duniyoyi masu dutse, irin tamu da Uɗarid, za su dawwama kan falakinsu, ko wata za ta kauce bayan shekaru miliyan dubu. Kwamfutarta sai ta kwana uku tana juya su ba hutu. In wuta ta ɗauke, a koma farko.

Wutar kuwa ɗaya ce a gidan, solar da ke tuƙa famfon mahaifinta, Malam Alamin, mai shayar da irin albasarsa a bakin kogi. Ran Talata ya jona famfo ya tafi ta'aziyya garin Dindir. Ramla ta zare wayar ta jona kwamfutarta, wai na awa biyu. Mai ilimi kenan: tana kiwon taurari, albasa na ƙonewa a bayan gida. Sai Juma'a ta tuna, da ta hango shi tafe.

Tsohon ya dawo ya tarar da irin ya bushe ƙurmus, wayar famfo yashe a ƙasa. Bai tambayi kowa ba.

"Ni nim mance ban jona ta ba," ya ce. "Tsuhwa ya zo, khalas, shi ke nan. Ƙanena Jibril shi karɓi lambun."

Lambun da ya shekara arba'in yana nomawa kenan. Kunya da tsoro suka hana Ramla cin kisra, wainar dawarsu, kwana biyu, tana kallonsa yana lalube aljihu, yana nanata sunayen jikokinsa don gwada kansa. Ran Lahadi ta ga ya ɗauki makullin lambu zai nufi gidan Jibril, ta tare ƙofa.

"Baba, ai ka jona ta. Ni na zare, saboda lissafina."

Ya daɗe yana duban makullin.

"To, duniyar ta tsaya?"

"Cikin gwaji ɗari, sau ɗaya Uɗarid ta kauce. Tamu ta tsaya."

"Alhamdu lillahi." Ya mayar da makullin aljihu. "Albasa a sake shukawa, ɗiyata. Amma kwana biyu kina kallona ina ta'aziyyar hankalina, ba ki ce komi ba."

Ya wuce lambu. Ta ɗauki fartanya ta bi shi, bai waiwayo ba.